Deno 2 ya kai a ɗora masa sabon aiki, ko dai a ci gaba da Node?

Injiniya_Bashir
Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu warware. A ganina duk wanda zai fara sabuwar manhaja ta ɓangaren sabar yau da JavaScript ko TypeScript, ba shi da wani ƙwaƙƙwaran dalilin da zai sa ya tsallake Deno ya ɗauki Node, dukkansu biyun injinan gudanar da JavaScript ne a wajen burauza. Dalilaina biyu ne. Na farko tsaro: kod ɗin da ka gudanar da `deno run` ba ya iya karanta fayil, ba ya iya fita intanet, ba ya iya taɓa env (saitunan da na'ura ke miƙa wa manhaja), sai ka ba shi izini da bakinka. Na biyu kayan aiki: TypeScript, `deno fmt`, `deno lint`, `deno test`, duk suna cikin fayil ɗaya da ka girka. Abin da ya daɗe yana hana mutane shi ne rashin npm, ma'ajiyar fakitocin kod da Node ke amfani da ita, kuma tun da Deno 2 ya fito a Oktoban 2024 wannan ƙorafin ya yi sauƙi sosai. Wanda yake ganin akasin haka ya kawo hujja, amma don Allah hujja ta aiki, ba ta son zuciya ba.

malam_tsaro
Wa alaikumus salam Injiniya. Izinin nan gaskiya ne, amma mutane suna ba shi darajar da ta fi ƙarfinsa. Izinin na manhajar gaba ɗaya ne, ba na kowane fakiti ba. Idan ka rubuta `--allow-net` don sabar ɗinka ta saurari buƙatu, to duk fakitin da ka jawo, da fakitin da shi ma ya jawo, sun samu wannan izinin tare da kai. Kamar ka ba baƙo makullin zaure ne, alhali makullin nan shi ne ke buɗe kowane ɗaki a gidan.

Inda amfanin yake shi ne a taƙaita. Ba `--allow-net` tsirara ba, sai dai `--allow-net=0.0.0.0:8000,db.misali.com:5432`. Ba `--allow-env` tsirara ba, sai `--allow-env=PORT,DATABASE_URL`. Haka `--allow-read=./public`. Idan aka yi haka, fakitin da aka lalata zai iya ganin kalmar sirrin rumbun bayananka, tunda ka ba da izinin karanta ta, amma ba zai iya tura ta wani adireshi a waje ba. Wannan kariya ce ta gaske. Sai dai abu biyu suna rusa komai: `--allow-run` da `--allow-ffi`. Manhajar da Deno ya tayar ta `--allow-run` ba ta cikin shingen ko kaɗan, tana da duk ikon da mai amfani da na'urar yake da shi. Kod ɗin C ko Rust da aka loda ta FFI, wato hanyar kiran kod ɗin wani yare daga JavaScript, ma haka. Ka ba da `--allow-run=bash`, an gudu ba a tsira ba.

Zee_backend
Kuma a aikace mutane da yawa `-A` suke rubutawa, wato ba da duk izini a tashi ɗaya, su huta. Duk abin da malam_tsaro ya lissafa ya tafi kenan.

Hadiza.ts
Zee, akwai dalilin da ya sa suke yin haka, ba lalaci ba ne kawai. Fakitocin npm an rubuta su ne a duniyar da babu izini. Ɗauki `debug`, wanda Express, fakitin gina sabar a Node, ya dogara da shi: da zarar an loda shi yana zagaya `process.env` gaba ɗaya yana neman sunayen da suka fara da DEBUG_. Wasu suna duba sunan na'ura ko yawan ƙwaƙwalwarta, su kuma `--allow-sys` suke so. Wasu suna leƙa foldar gida neman fayil ɗin saiti. To mutum ya taƙaita izini, ya tayar da manhaja, tambaya ta fito, ya amsa, wata ta fito, ta uku ta fito. A nan haƙuri ke ƙarewa.

Hanyar da ta fi: a gudanar ba tare da wani izini ba a kan na'urar aiki, a karanta kowace tambaya a rubuta abin da ta nema da wanda ya nema, sannan a tattara su cikin `tasks` na `deno.json`, ta yadda `deno task start` zai ɗauki cikakken layin. A sabar kuwa a ƙara `--no-prompt`. A cikin Docker ko systemd babu wanda zai danna amsa, saboda haka kuskuren `NotCapable` za a gani, kuma ya fi kyau ya fito ƙarara tun a gwaji. Abin lura: hanyar da ba kasafai ake bi ba a kod, misali aika imel lokacin da wani abu ya lalace, ita ce za ta faɗi a tsakiyar aiki idan an manta adireshinta a `--allow-net`. Sai an gwada irin waɗannan hanyoyin da izinin da za a yi amfani da shi na gaske, ba da `-A` ba.

Injiniya_Bashir
Na karɓi gyaran Malam a kan cewa izinin ba na fakiti-fakiti ba ne. Amma ku kwatanta da abin da ke ɗaya ɓangaren. A watan Nuwamban 2018 an gano an cusa mugun kod a `event-stream` ta hanyar `flatmap-stream`, ana farautar masu asusun Copay, manhajar ajiyar Bitcoin. A Oktoban 2021 an ƙwace `ua-parser-js` aka saki sigogin da ke girka manhajar haƙar kirifto da satar kalmomin sirri. Na biyun nan ta umarnin `preinstall` ya shiga, wato tun kafin ka gudanar da manhajarka, `npm install` kaɗai ya isa. Deno ba ya gudanar da waɗannan umarnin na lokacin girkawa sai ka ce `--allow-scripts=npm:sunan_fakiti`. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Sagir_Ops
Haka ne, amma ba Deno kaɗai ba ne a wannan. Bun, wani injin irin Node da Deno, shi ma ba ya gudanar da su sai fakitin yana cikin amintattu, kana iya ƙarawa ta `trustedDependencies`. pnpm, wani kayan girka fakitoci, tun siga ta 10 ya daina gudanar da su kai tsaye. npm kuma yana da `--ignore-scripts` tun da daɗewa. Wanda ke kan Node zai iya toshe wannan ƙofar yau ba tare da ya canza injin ba.

Kabiru_rs
Bari in ƙara a kan maganar Sagir, domin a nan hujjar Injiniya ta biyu take rauni. A 2018, lokacin da Ryan Dahl, wanda ya ƙirƙiri Node sannan Deno, ya tsaya a taron JSConf EU a Berlin yana lissafa abubuwan da yake nadama a kan Node, tazarar tana da faɗi. Ko a watan Mayun 2020 da Deno 1.0 ya fito haka take. Amma Node bai tsaya ba. `fetch` ya shigo a siga ta 18. `node:test` ya daidaita a ta 20. `--env-file` ya zo a 20.6, `--watch` yana nan, `node:sqlite` ya zo a 22.5. Tun 22.12 kana iya `require` fayil ɗin ESM (tsarin `import` da `export`) ba tare da wata tuta ba. Gudanar da fayil ɗin `.ts` kai tsaye ya fara a 22.6 da tuta, daga 23.6 ba a buƙatar tutar. Har tsarin izini yana da shi, `--permission`. Rabin abin da ake yaba wa Deno da shi yanzu yana cikin Node.

Hadiza.ts
Malam Kabiru, "gudanar da `.ts`" na Node da na Deno ba abu ɗaya ba ne. Node yana goge nau'ukan ne kawai ya bar gurbinsu fili. Duk abin da ke buƙatar a canza shi zuwa wani kod, kamar `enum`, da `namespace` mai ɗauke da kod, da `constructor(private x: number)`, ba ya wucewa a wannan yanayin. Kuma ba ya bin `paths` na `tsconfig.json`. Deno yana juya `enum` da sauran biyun duka.

Sai dai akwai abin da masu shigowa Deno suke yawan ruɗewa da shi: `deno run` ba ya duba ingancin nau'uka. Tun siga 1.23 aka cire wannan daga cikinsa don a rage jira. Za ka iya ba aikin da ke jiran lamba rubutu, manhaja ta tashi lafiya lau. Duba nau'uka aikin `deno check` ne, ko `deno run --check`, kuma `deno test` yana dubawa da kansa. Duk wanda bai sa `deno check` a matakan CI ɗinsa, wato gwajin da ke gudana da kansa kan kowane canjin kod, ba, TypeScript ɗinsa ado ne kawai.

Kabiru_rs
Na yarda da batun `enum`. Amma mai rubuta sabon kod zai iya guje masa cikin sauƙi, TypeScript ma yana da saitin `erasableSyntaxOnly` da zai hana ka rubuta abin da ba ya gogewa.

Ummu_Aisha_dev
Ni tambayata ta wanda yake da manhajar Node a hannu ce, ba sabuwa ba. Me ke fara karyewa idan aka ce `deno run` a kanta?

Hadiza.ts
'Yar'uwa, yawanci a wannan jerin suke zuwa. Farko shigo da fayil ba tare da ƙarshen sunansa ba. `import x from "./util"` ba ya aiki, sai `"./util.ts"`. Akwai `--unstable-sloppy-imports` da zai ɗaga miki ƙafa na ɗan lokaci, amma gyara layukan ya fi. Na biyu kayan cikin Node, ki saba da rubuta `node:fs`, `node:path`, `node:crypto`, wannan rubutun ma yana aiki a Node ɗin kansa, saboda haka ba asara. Na uku `require` da `__dirname` a fayil ɗin da ake ɗauka ESM ne: ko ki mayar da sunan fayil ɗin `.cjs`, ko ki yi amfani da `createRequire` daga `node:module`, `__dirname` kuma ki maye shi da `import.meta.dirname`. Na huɗu gajerun sunaye irin `@/lib`, ki kai su `imports` na `deno.json`. Idan NestJS ne ko TypeORM, sai kin kunna `experimentalDecorators` da `emitDecoratorMetadata` a `compilerOptions`, domin Deno ya koma sabon tsarin da TC39, kwamitin ƙa'idojin JavaScript, ta tsara a matsayin na asali.

Na biyar shi ne mai cin lokaci, fakitocin da ke ɗauke da kod ɗin C ko C++, irin `bcrypt`, `sharp`, `sqlite3`. Suna buƙatar foldar `node_modules` ta gaske a kan faifai, wato `"nodeModulesDir": "auto"` ko `package.json` da `deno install`, wasu suna buƙatar a bar umarnin girkawarsu ya gudana, kuma dukkansu suna buƙatar `--allow-ffi`.

malam_tsaro
Ku lura da jimlar ƙarshe ta Malama Hadiza, domin ita ce ta haɗa da abin da na faɗa a sama. Da zarar manhajarka ta dogara da `sharp` don rage girman hoto, ka ba da `--allow-ffi`, kuma kod ɗin da aka loda ta nan shingen Deno ba ya ganinsa. Wato manhajojin da suka fi cika da fakitocin npm, waɗanda suka fi buƙatar kariya, su ne waɗanda kariyar ta fi yi wa rauni. Mafita biyu ce. Ko a nemi madadin da aka rubuta da JavaScript zalla ko WebAssembly, misali `bcryptjs` a madadin `bcrypt`, a karɓi cewa zai fi jinkiri. Ko a ware aikin hoton zuwa wata ƙaramar manhaja daban wadda ba ta riƙe da sirrin rumbun bayanai. Kuma ko ya aka yi, kwantena irin ta Docker da mai amfani marar ikon root da takunkumin fita netwok suna nan daram, Deno bai zo ya maye su ba.

dan_Bun
Duk wannan doguwar magana, ba wanda ya ambaci gudu. Bun ya fi su tashi da sauri, `bun install` ya fi `npm install` sauri nesa ba kusa ba, kuma tun farko burinsa shi ne ka ɗauki manhajar Node ka gudanar ba tare da gyara ba. Deno sai da ya yi shekaru yana cewa ba ruwansa da npm da `package.json`, sannan ya dawo ya karɓe su a 2022 da 2023.

Sagir_Ops
Saurin girka fakitoci na Bun gaskiya ne, saurin tashi ma haka, injinsa JavaScriptCore ne na Safari, ba V8 da Node da Deno ke amfani da shi ba. Amma gwaje-gwajen gudun da ake yaɗawa yawanci sabar ce mai mayar da kalma ɗaya. Manhaja ta gaske, buƙata ɗaya tana zuwa rumbun bayanai sau biyu ko uku, tana jiran wata API a waje, tana juya JSON. Idan tambayar Postgres tana cin milisakan 20 saboda babu index, ribar ƙasa da milisakan ɗaya da injin ya ba ka ba za ta bayyana ba. Kuma duk ukun zare ɗaya suke gudanar da JavaScript ɗinka a kai: ka sa lissafi mai nauyi a cikin mai amsa buƙata, kowa ya tsaya jira, ko Node ne ko Deno ko Bun.

Wanda yake son ya sani ya auna tasa manhajar. Hanya ɗaya ta gaske daga API ɗinsa, rumbun bayanai mai yawan bayanai irin na aiki, kayan gwajin lodi irin `k6` ko `autocannon`, ya bar injin ya ɗumama tukuna, ya duba jinkirin kashi 99 cikin ɗari da yawan RAM bayan dogon lokaci, ba matsakaici kaɗai ba.

Zee_backend
Kuma Bun ba shi da shingen izini irin na Deno. Tambayar Injiniya a kan tsaro ta ginu, to a wannan fannin Bun da Node na gargajiya layi ɗaya suke.

dan_Bun
Ban musa ba. Amma malam_tsaro da kansa ya nuna shingen yana zubewa a yawancin manhajoji. Idan ƙarshenta kwantena ce za ta kare ni, me zai sa in biya kuɗin gyara layukan `import`?

malam_tsaro
Ban ce yawanci ba, ɗan'uwa, na ce masu dogaro da FFI da `--allow-run`. API ɗin da ke karɓar JSON, ya yi magana da Postgres ta fakitin JavaScript zalla, ya mayar da amsa, shingen yana riƙe shi da kyau. Haka ƙananan rubutun da ake gudanarwa a CI, waɗanda ke zaune kusa da makullan sirri masu haɗari. A waɗannan wurare biyun Deno ya fi sauran a fili.

Nafisa_cloud
Wani ɓangaren da ba a taɓa ba shi ne inda za a ɗora manhajar. AWS Lambda yana da Node a shirye, Deno kuwa sai ta hoton kwantena ko ka haɗa naka mahallin. A gefe guda Supabase Edge Functions da Netlify Edge Functions a kan Deno suke, to wanda ke can ya riga ya shiga. A Docker, hoton `denoland/deno` ake ɗauka, a kwafi `deno.json` da `deno.lock` tukuna, a yi `deno install --frozen`, sannan a kwafi sauran kod. Idan aka kwafi komai a tashi ɗaya, duk harafin da aka canza sai an sake sauke fakitoci.

`deno compile` yana da daɗi, fayil ɗaya da za ka ajiye a sabar ba tare da girka komai ba, kuma da `--target` kana iya haɗa na Linux daga Mac ko Windows. Abu uku a sani. Girmansa gomman megabait ne ko da kod ɗinka layi biyar ne, domin V8 yana ciki. Izinin da ka rubuta lokacin haɗawa shi ne ya manne, sai an sake haɗawa kafin a canza. Kuma fayilolin da ba a gani ta `import` kai tsaye, kamar samfurin HTML, sai an ambace su da `--include`, in ba haka ba a na'urarka zai yi aiki, a sabar ya ce bai ga fayil ba. Na Linux ɗin glibc yake nema, kada a jefa shi cikin Alpine tsirara, domin wannan Linux ɗin ba ya zuwa da glibc.

Sagir_Ops
Ƙari a kan Nafisa: kayan sa ido. Yawancin wakilan APM, masu auna lafiyar manhaja yayin aiki, an gina su ne su maƙale a tsarin loda fakitoci na Node, a tabbatar wanda ake amfani da shi yana goyon bayan Deno kafin a yanke shawara. Deno tun 2.2 yana da OpenTelemetry a cikinsa, ana kunna shi da `OTEL_DENO=true`, idan na'urar tattara bayananku tana karɓar OTLP to an huta. Iyakar ƙwaƙwalwa kuma `--v8-flags=--max-old-space-size=...` ake rubutawa, ba kai tsaye kamar a Node ba.

Kabiru_rs
Abin da ya fi damuna ba na fasaha ba ne. Node yana ƙarƙashin OpenJS Foundation, sigarsa ta LTS, wato mai kulawa ta dogon lokaci, tana samun kulawa wata 30. Deno lasisinsa MIT ne, kod ɗinsa a buɗe yake, amma kamfani ɗaya ne ke jan ragamarsa, kuma LTS ɗinsa na farko, siga 2.1, wata shida aka ba shi. Ga kuma sauye-sauyen hanya: da farko aka ce a jawo fakiti ta adireshin URL daga `deno.land/x`, da fayil ɗin `deps.ts`, sai a 2024 aka buɗe ma'ajiyar fakitoci ta JSR, ɗakin karatu na asali ya koma `jsr:@std/...`. Deno 2 ya cire `window`, ya cire tsofaffin API da dama. Duk bayanin da aka rubuta kafin 2024 sai an tace shi. Manhajar da ake so ta yi shekara biyar ba a taɓa ta sosai ba, wannan abin dubawa ne.

Ummu_Aisha_dev
To idan haka ne, akwai yadda za a rubuta kod ɗin da ba zai ɗaure mutum ba?

Hadiza.ts
Akwai. Ki tsaya a kan abin da ukun suka yi tarayya a kai: `Request`, `Response`, `fetch`, `URL`, `crypto.subtle`, da kayan `node:`. Hono, fakitin gina sabar, an gina shi a kan waɗannan, yana gudana a Deno da Bun da Node da Cloudflare Workers, fayil ɗin da ke tayar da sabar ne kaɗai zai bambanta. Duk inda kika rubuta `Deno.` ko `Bun.` ki tattara shi a fayil ɗaya. Wanda ya fi ɗaurewa shi ne Deno KV, rumbun bayanan da ke cikin Deno: yana da sauƙi, `Deno.openKv()` kawai, amma tutar `--unstable-kv` yake buƙata, ƙima ɗaya ba ta wuce 64 KiB, kuma ba za ki same shi a cikin Node ba sai da ƙarin fakiti. Bayanan da manhaja ta dogara da su Postgres ko SQLite suka dace da su.

Injiniya_Bashir
Zan rage faɗin maganata ta farko zuwa sabuwar manhaja wadda ba ta buƙatar FFI, kuma ba a ɗaure take da wurin da Node kaɗai yake karɓa ba. A nan har yanzu ina kan bakana. Amma Malam Kabiru, ka ce Node yana da `--permission`. Shin yana iya taƙaita adireshin da manhaja za ta tuntuɓa kamar `--allow-net=adireshi:ƙofa`? Domin shi ne abin da malam_tsaro ya ce yana hana fitar da sirri.

Kabiru_rs
A Node 20 da 22, a'a. Abin da yake rufewa shi ne karanta fayil da rubutawa, tayar da wata manhaja, workers, kod ɗin C da WASI. Netwok a buɗe yake a waɗannan sigogin. Kuma bayanan Node da kansu sun ce tsarin ba ya ba da tabbacin kariya daga mugun kod, an yi shi ne don hana kod ɗin da ka amince da shi wuce gona da iri bisa kuskure. A waɗannan sigogin, taƙaita fita waje sai dai a yi shi a matakin kwantena ko firewall.

Nafisa_cloud
Wanda a Kubernetes NetworkPolicy ke yi, kuma shi ko FFI ba ya tsallake shi. Amma yana aiki da IP da alamun pod ne, ba da sunan adireshi ba, sai an ƙara wani abu kamar Cilium. Ga API na waje mai canza IP kullum, layin `--allow-net=api.misali.com` ya fi sauƙin rubutawa da kulawa. Malam_tsaro, idan adireshin da aka ba izini wuri ne da kowa ke iya buɗe asusu ya karɓi bayanai, kamar ma'ajiyar S3 ta Amazon, ba a dawo gidan jiya ba?

malam_tsaro
An dawo, idan aka ba da izinin adireshin S3 na gama-gari na yankin. Sai a yi amfani da adireshin da ke ɗauke da sunan bokitin a gaba, `sunan-bokiti.s3.yanki.amazonaws.com`, a ba shi kaɗai izini, a kuma tabbatar SDK ɗin ba a saita shi da `forcePathStyle` ba, domin wannan saitin yana mayar da buƙatun zuwa adireshin gama-garin.